Wa Zai Biya Kuɗin Nemo Labari? Intanet da Makomar Aikin Jarida a Ƙasar Hausa

 

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu sarakuna da malamai, shugabannin gidajen rediyo da talabijin da jaridu, 'yan'uwa ma'aikatan yaɗa labarai, ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. An nemi in yi magana a kan yaɗuwar intanet da makomar kafofin yaɗa labarai. Fagen yana da faɗi, lokacin kuwa kaɗan ne, saboda haka zan tsaya a gida, wato ƙasar Hausa, in riƙa leƙa waje a inda abin da ya faru can zai haska mana namu.

Bari in ajiye muku jigon maganar tun yanzu, domin ku riƙa auna ni da shi. Intanet ya karya farashin yaɗa labari, amma bai rage ko sisi daga farashin nemo shi ba. A da, ayyukan nan biyu a gida ɗaya suke zaune, ribar yaɗawa ita ke ciyar da mai nemowa. Yau sun raba gari. Ribar ta koma hannun manyan kamfanonin ƙetare, ɗawainiyar ta rage a wuyanmu. Don haka tambayar da za ta yanke makomar aikinmu ita ce: wa zai biya wakilin da zai hau babur ya je ƙauyen da abu ya faru, ya tambayi mutum uku, ya dawo da abin da ya tabbata?

Kunne ya riga ido

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, da Malam Abubakar Imam a kujerar edita. Masu karatun boko a lokacin tsiraru ne, amma jaridar ta kai ga mutanen da suka ninka masu sayenta sau da yawa, domin mutum ɗaya ke karantawa a zaure ko a inuwar kasuwa, jama'a na saurare. Ko a zamanin takarda, ta kunne labari ke shiga mafi yawan mutanenmu.

Da rediyo ya zo, sai ya tarar da wuri a share. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957, da shirin minti 15 a muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Rediyo Kaduna ya biyo baya a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, rediyon Faransa RFI a 2007. A cikin gida kuma, dokar 1992 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa tashoshi, har aka samu Freedom Radio a Kano a 2003, sannan tashoshin FM suka yi ta tsirowa a Kaduna, Katsina, Sakkwato, Bauchi da Yola. Makiyayi da rediyonsa rataye a kafaɗa, tela a bakin keke, mai shayi da asuba, uwargida a tsakar gida: wannan jama'a ce da ta san sunan shugaban Rasha da na Iraƙi ba tare da ta taɓa buɗe jarida ba.

Na kawo wannan tarihi ne domin a gane yadda intanet ya shigo mana. A Turai da Amurka ya shiga ta kwamfutar ofis da rubutu. A wurinmu ta aljihu ya shigo, da murya da hoto. Saƙon murya na WhatsApp, wa'azin da aka yanko minti biyu, bidiyon TikTok, karatun littafi da ake ɗorawa a YouTube domin mata su saurara suna aikin gida, duk ci gaban al'adar saurare ne. Wanda ya ɗauka cewa makomar jaridar Hausa ita ce kwafe shafin takarda a manna a shafin intanet bai lura da mutanen da yake yi wa aiki ba.

Hanyar da ya biyo

Kafin 2001, layukan tarho a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. A watan Janairun wannan shekara hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane a kan dala miliyan 285, kuma zuwa watan Agusta MTN da Econet sun fara aiki. Manya a cikinku za su tuna lokacin da layi kaɗai ke cin dubban nairori, ana cajin kira naira 50 a minti ko da daƙiƙa biyar ka yi. Shigowar Glo a 2003 da lissafin daƙiƙa ita ta tilasta wa sauran saukowa. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

Intanet kuwa ba daga sama yake sauka ba, kamar yadda da yawa ke zato. Mafi yawansa ta ƙarƙashin teku yake zuwa, cikin wayoyin gilashi masu ɗaukar haske. Shekaru da dama igiya ɗaya, SAT-3, ita ce madogarar ƙasar nan. A 2010 aka samu Main One daga Fotugal da Glo-1 daga Ingila, a 2012 aka ƙara WACS, a 2022 kuma igiyar Equiano ta kamfanin Google ta sauka a Legas. Kowace igiya da ta iso, farashin data sai ya sauko. A tsakiyar Maris 2024 da igiyoyi huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi daga Abidjan zuwa Abuja suka tsaya cik, jama'a suka gane cewa abin da ke tafin hannunsu yana da jijiya a ƙasan teku.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Igiyoyin nan a bakin teku suke sauka, mu kuwa muna nesa da teku da ɗaruruwan kilomitoci. Sai an haƙa rami an binne waya daga Legas zuwa Kano, zuwa Maiduguri, zuwa Birnin Kebbi, kuma jihohi suna karɓar kuɗin izinin haƙa. An yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da dama sun daɗe suna karɓar dubbai. A 2020 Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuwa ta yafe kuɗin ɗungurungum. Wannan magana ce da ta cancanci kanun labarai a kowace tasha, domin ita ke yanke ko ɗalibin Gumel zai iya kallon darasi a waya ko ba zai iya ba. 'Yan'uwanmu na Nijar nasu ya fi tsanani, tunda ƙasar ba ta da teku, dole hanyarta ta ratsa ƙasashen maƙwabta.

Alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 sun ce mutum biliyan 5.5 ke amfani da intanet, wato kashi 68 cikin 100 na mutanen duniya, amma a Afirka kashi 38 ne kacal. Najeriya ta yi niyyar kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100 na jama'arta zuwa 2025, ba ta kai ba. Waɗanda aka bari a baya mun san su: mutumin karkara da sai ya hau tudu yake samun sabis, matar da wayar gidan tana hannun miji, talakan da kuɗin babbar waya ya fi abin da yake samu a wata biyu. Starlink da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, karo na farko a Afirka, ya nuna cewa tauraron ɗan'adam na iya tsallake matsalar haƙa rami, sai dai kuɗinsa ba na manomi ba ne. A Janairun 2025 kuma aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Saboda haka duk wanda ya ce muku rediyo ya mutu, ku tambaye shi yaushe rabonsa da ƙauye.

Abin da ya yi arha da abin da bai yi ba

Yanzu mu zo ga cibiyar maganar. Kafin ka yi magana da mutum dubu ɗari a 1990, sai kana da injin buga jarida da motocin rarrabawa, ko lasisi da na'urar watsa shiri da janareto da dizal. Tsadar nan ita ce katangar da ta kare gidajen jarida. Mai sabulu da mai maganin sauro da ɗan takara duk dole su biyo ta ƙofarka, ka caje su, ka ɗauki kuɗin ka biya wakilai da editoci. Yau yaron da ke da waya da datar naira 500 yana iya kaiwa ga mutum dubu ɗarin nan kafin la'asar. Mai talla kuma ya gano cewa Facebook da Google za su kai saƙonsa ga matan Kano 'yan shekara 20 zuwa 35 kaɗai, a kan kuɗi kaɗan, su kuma faɗa masa mutum nawa suka gani.

Abin da wannan ya jawo a ƙasashen da suka riga mu ba ɓoyayye ba ne. Jaridun Amurka sun samu kusan dala biliyan 49 daga talla a 2006. Zuwa 2022 abin bai kai biliyan 10 ba. Dubban ƙananan jaridun garuruwa sun rufe, kuma garuruwan da suka rasa su sun rasa mai zuwa zaman majalisar gari ya ji yadda aka kashe kuɗin jama'a. A Ingila jaridar Independent ta daina fitowa a takarda a 2016. Masu karatu ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi. Kuɗin ne ya canza hanya.

Ba sai mun je Amurka ba ma, Kannywood ta riga ta gwada mana. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 ta ginu ne a kan sayar da kaset, daga baya faifan CD, kasuwar Ƙofar Wambai ce zuciyarta. Furodusa ya san adadin kwafin da zai sayar ya mayar da kuɗinsa. Da babbar waya ta yawaita, sai masu tura fim suka bayyana a kowace kwana da kwamfutarsu, suna cika wa mutum waya da finafinai a kan 'yan nairori, ba tare da ko kwabo ya koma ga wanda ya yi fim ɗin ba. Cikin 'yan shekaru kasuwar faifai ta durƙushe. Masu kallo suna nan, sun ma fi na da yawa, amma 'yan wasa da masu ɗaukar hoto suka shiga halin ni-'yasu.

Masana'antar ta farfaɗo ta hanyar finafinai masu dogon zango: Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, sai Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira da suka tara miliyoyin masu kallo a YouTube. Wannan nasara ce ta gaske, kuma ta kai fim ɗin Hausa Kumasi da Yawunde da Jidda a rana ɗaya. Amma ku duba sharuɗɗan. YouTube yana ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla, shi ya riƙe saura, kuma darajar tallar ta dogara ne ga inda mai kallo yake zaune. Kallo dubu daga Kano ba ya kawo abin da kallo dubu daga Landan ke kawowa. Shi ya sa kuke ganin ana tsayar da fim a tsakiya ana tallar maganin gargajiya da filaye. Idan fim, da mutane ke so don nishaɗi, da kyar yake mayar da kuɗinsa a haka, ina ga rahoton binciken asibitin da ba magani?

Shagon haya

Gidan jaridar da ya tara mabiya miliyan biyu a Facebook yana kama da ɗan kasuwar da ya cika shagon haya da kaya, a kasuwar da mai ita ke iya canza ƙofar shiga da dare ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Mabiyan nan ba naka ba ne, ba ka da lambar wayarsu, ba ka san gidajensu ba. A Janairun 2018 Facebook ya sauya tsarin da ke zaɓar abin da mutum zai fara gani, ya fifita saƙonnin dangi da abokai a kan na gidajen jarida, kafofi da yawa a duniya suka wayi gari masu ziyartarsu sun zube. A 2023 da Kanada ta yi dokar da za ta sa kamfanonin nan su biya jaridu, kamfanin Meta sai ya toshe labarai gaba ɗaya daga Facebook da Instagram a ƙasar. Idan aka yi wa Kanada haka, me zai hana a yi mana?

Hukuma ma tana da nata makullin. Gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna da sunan yaƙi da 'yan bindiga. A Nijar an katse intanet na wayar hannu kwanaki bayan zaɓen Fabrairun 2021. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an yi ta amfani da shi wajen tsare 'yan jarida, har aka yi masa gyara a 2024.

Su ma tashoshin ƙetare da muka dogara da su fiye da rabin ƙarni ba ginshiƙin dutse ba ne. BBC ta rufe rediyonta na Larabci a Janairun 2023 bayan shekara 85 yana magana. Hukumomin sojan Nijar sun dakatar da RFI a Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. A Maris 2025 umarni guda daga fadar shugaban Amurka ya sa Muryar Amurka ta yi shiru, har da sashen Hausa. Mu yi wa kanmu adalci: shekara da shekaru masu biyan haraji a Ingila da Jamus da Amurka da Faransa ne ke biya mana kuɗin ingantaccen labari da harshenmu. Mun gode musu, amma ranar da lissafinsu ya canza, ba za su tambaye mu ba.

Kuɗin da ake biya idan ba a biya ba

Wani zai ce, to mene ne? Ai labari bai yanke ba, ga shi nan yana kwarara a kowane zaure na WhatsApp. Gaskiya ne, sai dai wane iri? A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zaga ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka riƙa tayar da 'yan'uwansu daga barci don ƙauna. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu da dama aka kwantar a asibiti. A Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, hotuna masu tayar da hankali suka bazu a Facebook a matsayin shaidar kisan da ake yi. Binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin a Kongo aka ɗauke shi tun 2012, 'yan sandan jihar kuma suka ce hotunan sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya. A wannan shekarar dai jita-jitar cewa an musanya Shugaba Buhari da wani Jibrin na Sudan ta yi ƙarfin da sai da shugaban ya fito da bakinsa, yana ƙasar Folan, ya ce shi ne da kansa.

Ƙarya tana da arha domin ba ta buƙatar kuɗin mota. Tsarin shafukan nan kuma yana ɗaga abin da ya fi tsayar da ido, abin da ke tsayar da ido kuwa shi ne wanda ke tayar da fushi ko tsoro. Ga shi kamfanonin ba su da isassun ma'aikata masu jin Hausa da za su gane habaici da zambo da kiran a far wa wasu. Ƙungiyoyi irin su Dubawa da cibiyar CITAD ta Kano suna ƙoƙari wajen bin diddigi da sa ido a kan kalaman ƙiyayya, amma kafin a tantance saƙo ɗaya an tura ɗari.

Kada kuma mu ɗora wa intanet laifin da ya tarar a gida. Wakilin da ke wata biyar ba albashi, aka ba shi katin shaida aka ce ya je ya nemi na kansa, ambulan ɗin da za a miƙa masa bayan taron manema labarai ita ce editansa. Tashar da ke sayar da fili ga sojojin baka su yi ta zagin juna ta san abin da take yi, kuɗin dizal take nema. 'Yan siyasa sun gane haka, sun ƙara da ɗaukar samarin da ake saya wa data su yi musu yaƙi a shafuka. A taƙaice, labari ba ya taɓa zama kyauta. Idan mai sauraro bai biya ba, wani zai biya, kuma wanda ya biya shi ake yi wa aiki.

Sabon baƙo

Tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022, ƙirƙirarriyar basira ta ƙara karya farashin wani abu, wato haɗa magana. Na'ura na iya rubuta labari, ta fassara, ta kwaikwayi muryar malami ko gwamna ta sa shi ya faɗi abin da bai faɗa ba. Ga al'ummar da ta saba gaskata abin da kunnenta ya ji, wannan babban haɗari ne. Akwai kuma alheri: manomin da bai yi boko ba zai iya tambayar waya da baki ta amsa masa da Hausa. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, kuma matasanmu a ƙungiyoyin bincike irin su Masakhane da HausaNLP suna aiki a kai. Amma na'ura daga abin da aka rubuta take koyo. Ba za ta je Zurmi ta ƙirga gidajen da aka ƙona ba. Duk yadda ta ƙware, tana jiran ɗan'adam ya fara zuwa ya gani. Wannan ya ƙara wa wakili daraja, bai rage masa ba.

A nan ne kuma taskokinmu ke da muhimmanci. Tsofaffin kwafen Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, takardun Gidan Arewa da na Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, faya-fayen hirarraki da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo da ke ɗakunan ajiyar gidajen rediyonmu, duk dukiya ce da zafi da ƙura da gara ba sa tausaya wa. A mayar da su na zamani, a san mai su, a san sharaɗin amfani da su, tun kafin wani ya kwashe ya dawo yana sayar mana.

To, wa zai biya?

Amsata ita ce mai sauraro da mai karatu, da kaɗan-kaɗan, su da yawa. Na san za a ce Bahaushe ba ya sayen labari. Tarihi bai goyi bayan wannan zargi ba. Mutanenmu sun shekara suna sayen katin zaɓe domin a karanta gaisuwarsu a rediyo, har suka kafa ƙungiyoyin masu saurare gari-gari. Yau marubuta mata suna sayar da littattafansu babi-babi a zaurukan WhatsApp, mai karatu ta tura 'yan ɗaruruwan nairori ta banki ko katin waya a shigar da ita. Ba wani masanin tattalin arziki da ya tsara musu wannan, su suka gano shi. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuma ya koya wa mai kayan miya da ɗan acaɓa karɓar kuɗi ta waya, ga masu POS a kowace unguwa. Hanyar karɓar naira 200 daga mutum dubu hamsin, wadda ba ta yiwuwa shekara goma da suka wuce, yanzu a buɗe take.

A waje an gwada an gani. New York Times ta fara cajin masu karatunta na intanet a 2011, yau masu biyanta sun haura miliyan 10. Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Daily Maverick ta Afirka ta Kudu, wadda tun 2018 ta bar labaranta a buɗe ga kowa, ta roƙi masu hali su riƙa ba da abin da za su iya duk wata domin marasa hali su karanta. Al'ummar da ta san waƙafi da gidauniya da adashi ba za a koya mata wannan ba.

Amma mutum ba zai biya abin da yake samu kyauta a wuri goma ba. Ba wanda zai ba ka kuɗi don ka fassara masa abin da ya faru a Gaza ko sakamakon wasan Arsenal. Zai biya ne a kan abin da ba mai kawo masa sai kai: farashin masara a Dawanau da na shanu a Maigatari a safiyar yau, hanyar da ke da lafiya tsakanin Funtuwa da Gusau, inda kuɗin ƙaramar hukumarsa ya shiga, ranar da taki zai iso da wanda ya karkatar da na bara. Ƙarfin kafofinmu yana cikin kusancinsu da jama'a.

Saboda haka ina kira ga masu gidajen rediyo da jaridu da su mallaki hanyar isa ga jama'arsu, su tara lambobin masu saurarensu da yardarsu, su gina nasu shafin da manhaja mara cin data, shafukan sada zumunta su zama wurin kiran kasuwa kawai. Su riƙe rediyo da kyau, su kuma yanka shirye-shiryensu gajeru yadda za su shiga waya. Su biya wakilansu albashi, domin ba a roƙon amanar jama'a da wakili mai yunwa. Ga gwamnonin jihohinmu, a sauke kuɗin haƙa ramin waya, a daina ɗaukar katse sadarwa a matsayin magani. Ga attajiranmu, gidauniyar da za ta ɗauki nauyin aikin bincike ba tare da sa baki ba sadaka ce mai gudana. Ga malaman jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da sauransu, a koya wa ɗalibi bin diddigin hoto da murya, a koya masa lissafin kasuwancin jarida, a kuma koya masa rubuta Hausa da ƙa'idarta.

Ku kuma ɗalibai, kun gaji al'adar ilimi da ba ta karɓar magana sai an san wanda ya faɗa, daga wa ya ji, kuma shi mai gaskiya ne ko a'a. Malaman hadisi sun yi tafiyar watanni domin tabbatar da ruwaya guda. Kafin ka tura saƙo, yi masa tambayoyin nan uku. Idan kuma ka samu kafar da ke yi maka wannan wahala kullum, ka ciri wani abu daga kuɗin datarka ka ba ta, domin da shi za ta sake tura wakili gobe.